Dofamin da Makarɓansa Biyar: Abin da Yake Gaskiya da Wanda Ba Haka Ba

Dofamin sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Ba ya aiki sai ya sauka a kan makarɓi, kamar mabuɗi da kwado. Makarɓan iri biyar ne, D1 zuwa D5. A 1979 masana biyu, Kebabian da Calne, suka bambance D1 da D2. Sauran ukun sai a 1990 da 1991 aka gano su. D1 da D5 zaburar da ƙwaya suke yi, D2, D3 da D4 kuwa lafar da ita.

Ana yawan kiransa sinadarin farin ciki. Wannan rabin gaskiya ne, domin ya fi shafar kwaɗayin abu da himmar nemansa, kuma da shi jiki ke sarrafa motsi.

A Moriki, Zurmi da Shinkafi da ke Zamfara akan ji ana cewa maganin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yana sangartar da mutum. Akwai ƙamshin gaskiya. Magunguna irin su Haloperidol da Largactil toshe D2 suke yi, ta haka ake daina jin muryoyi da ruɗewar tunani. Amma akwai D2 a sashen da ke kula da motsi, shi ya sa wasu ke sandarewa, hannu na rawa, miyau na dalala. Cewa maganin ƙara hauka yake yi kuwa ba gaskiya ba ne. Likita kan rage adadinsa, ko ya canza shi, ko ya haɗa da Artane. Abin tsoro shi ne a yanke shi rana ɗaya, ciwon ya dawo.

Haka allurar tsayar da amai, metoclopramide, ita ma D2 take toshewa. Akan yi wa yaro ita a kemis, jim kaɗan wuyansa ya karkace, idanu su kafe sama, sai a ce iskoki ne. Sau da yawa aikin maganin ne, kuma asibiti na da allurar warware shi. Sai dai sanƙarewar wuya da zazzaɓi ba abin jira ba ne, domin yana iya zama sanƙarau. Zamfara ta ga sanƙarau a 2017.

Tramol da kodin ba sa hawa makarɓan dofamin kai tsaye. Ta wata hanya suke sa a kwararo shi da yawa, kuma daɗewa ana shaye-shaye na tafiya da raguwar D2, har abinci da hira su daina daɗi.