Garkuwar Jiki da Tsawon Rai

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya san gidan da ake cewa tsufa gadonsu ne. To, masana sun leƙa ƙwayoyin gado don su ga dalili.

Akwai wasu daga cikinsu da ake kira HLA. Aikinsu nuna wa sojojin jini ƙwayar cutar da ta shigo, don su far mata. Sun bambanta ƙwarai tsakanin mutane, shi ya sa cuta kan kayar da wani, wani kuwa ko a jikinsa. A Gambiya, a 1991, an gano yara masu nau'in HLA-B53 ba su cika yin masassarar cizon sauro mai tsanani ba.

Kan tsufa kuwa, binciken 1987 a tsibirin Okinawa na Japan ya nuna 'yan shekara 90 zuwa sama ba su cika ɗauke da nau'in DR9 ba, wanda ake dangantawa da cututtukan da garkuwa ke juyowa ta yaƙi mai ita.

Amma fa kar a zaƙe. Binciken tagwaye a Danmak ya nuna rabon gado kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Sauran yana ga abinci, magani da irin zaman da mutum ya yi.