Kai a Agege, Ƙuri'arka a Ɗambatta

Duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato, motocin da ke tashi daga Agege da Mile 12 zuwa Arewa sukan cika maƙil. Wasu tsoron rikici ne ke kora su, wasu kuwa katin zaɓensu ne ke ɗauke da sunan wata rumfa a Ɗambatta ko Funtuwa ko Illela. Sai mutum ya shekara ashirin yana sayar da goro a Zangon Agege, 'ya'yansa sun fi shi jin Yarbanci, amma ranar da za a zaɓi wanda zai mulki unguwar da yake kwana, shi yana can wani gari yana zaɓar wanda ba zai taɓa gyara masa kwatar ƙofar gida ba. Wannan al'ada tana jawo wa Hausawan Legas asarar da ta fi kuɗin mota nesa ba kusa ba.

A duba inda ake yanke hukuncin da ke taɓa tukunyar Bahaushen Legas. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta taƙaita zirga-zirgar 'yan acaba da Keke Napep a wasu sassan jihar. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a Satumba kuma aka ƙara huɗu, da Mushin da Oshodi-Isolo a cikinsu. An kama babura bila adadin an murƙushe su, kuma kowa ya san samarin Arewa ne suka fi yawa a sana'ar. Kasuwar Mile 12, inda tumatir da tattasai da albasar Arewa ke sauka, an rufe ta a Maris ɗin 2016 bayan rikici, an sake rufe ta a Oktoban 2023 kan tsafta. Mayankar Oko-Oba da ke nan Agege ma ta sha kulle a Yunin 2025 bisa zargin ƙazanta. Ba ina cewa duk matakan nan zalunci ba ne, don wanda ya taɓa bin bayan mayankar da damina, ya ga jini da tumbi suna kwarara cikin magudanar ruwa, ba zai rantse cewa babu gyara ba. Abin lura shi ne dukkansu a Alausa, mazaunin gwamnatin Legas, aka yanke su, kuma gwamnan Kano ko na Katsina ba shi da ta cewa a ciki. Ɗan siyasa kuwa, kafin ya sa hannu a takarda, yakan lissafa ƙuri'un da zai rasa. Idan lissafin ya nuna masa waɗanda abin zai shafa ba sa zaɓe a jiharsa, alƙalaminsa ba zai yi nauyi ba.

Masu ganin wannan magana ɓata baki ce sukan ce, mu nawa ne a cikin tekun mutanen Legas? Alƙaluman 2023 sun isa amsa. Jihar tana da masu rajista fiye da miliyan 7, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454, Bola Tinubu ya samu 572,606 a jihar da ya yi wa gwamna shekara takwas. Tazarar ba ta kai dubu goma ba. A zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, wanda hukumar zaɓen jihar ke shiryawa, fitowar jama'a ta fi haka ƙaranci, ga shi kuma kansila da ciyaman su ne ke kusa da harajin rumfa da kwasar shara.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce ta tsoro. Dattawan da suka ga rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba za a ce musu matsorata ba idan suka ce baƙo ya kama bakinsa. A zaɓen gwamna na Maris ɗin 2023 ma an samu rahotannin razana waɗanda ake kira baƙi, musamman 'yan ƙabilar Ibo. Amma a tambaya, shin shirun ya taɓa kare kowa? Ɗan acaban da aka murƙushe wa babur bai shiga siyasar kowa ba. Kuma kalmar baƙo ɗin nan tana buƙatar bincike. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano bayan kimanin shekara goma, fataken goro da shanu kuma suka kafa zango a Agege tun zamanin Turawa. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41 da na 42, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, ya kuma hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe.

Wasu kuma sun dogara da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, wai su ne bakinmu a wajen hukuma. Sarauta tana da amfaninta, ita ke sasanta rigimar haya da ta ciniki tun kafin ta kai ga 'yan sanda. Sai dai sarkin da ya shiga ofishin ciyaman ba tare da masu katin zaɓe a bayansa ba, roƙo ya je yi. Idan an san jama'arsa na iya juya sakamakon mazaɓa guda, ciniki za a yi da shi.

Ba kowa ake nufi da wannan ba. Ɗan ci-rani da ke zuwa bayan girbi ya koma da faɗuwar damina, gonarsa da iyalinsa suna gida, ƙuri'arsa ma can ta dace. Maganar ta mazauni ce, mai biyan haya da kuɗin makaranta a nan. Shi hukumar INEC ta ba shi damar sauya wurin zaɓensa a lokacin da aka buɗe rajista, ta intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukuma, ba a biyan ko kwabo, kuma ana rufe wannan ƙofa watanni kafin ranar zaɓe.