Kaka Tana Ganin Hanya, Ba Ta Gane Fuska

Mukan yi mamakin tsohuwar da ke zuwa kasuwa ba ɗan jagora, amma jikanta ya tsaya gabanta ta kasa shaida shi. Wasunmu har sukan ce da gangan take yi. Ba haka ba ne.

Can bayan ido akwai wani ɗan wuri da likitoci ke kira makula. Da shi muke karatu da gane fuska. Bayan shekara 50 yakan lalace wa wasu, musamman masu shan taba. Sai tsakiyar gani ta dushe, gefe kuwa yana nan. Ba yanar ido ba ce da ake cirewa.

In mun je hutu, mu sa tsofaffinmu su rufe ido ɗaya su dubi layukan littafin rubutu, sa'an nan su sauya ido. In layi ya karkace, sai asibitin ido ba jinkiri, gama akwai irin da allurar ido ke tare shi in an zo da wuri.