Kuɗin Raya Karkara a Ƙasar Wudil da Mas'alar Kula da Aiki

Garin Wudil, wanda yake kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan babbar hanyar Maiduguri, ba ya cikin garuruwan da za su ce hukuma ta manta da su, domin kuwa a cikinsa aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a shekarar 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, a nan ne kuma Kwalejin 'Yan Sanda ta ƙasa take, ga kasuwar shanu ta ranar Juma'a wadda fatake ke zuwa daga nesa saboda ita. Amma wanda ya sauka daga kwalta a tsakiyar damina, ya nufi ƙananan ƙauyukan da ke bayan Utai ko Lajawa ko Indabo, zai tarar da abin da ake tararwa a yawancin karkarar Arewa, wato hanyar da ruwa ya yanke, da rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa, alhali kuwa ba a taɓa yin wata shekara da ba a ware kuɗi da sunan waɗannan mutane ba.

Ya kamata a fara sanin inda kuɗin ke fitowa. Mafi girmansu shi ne kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda bisa ƙa'idar rabo gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma, waɗanda 44 daga cikinsu na Kano ne, su raba kashi 20.60. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda ya zama sanadin jayayya shekara da shekaru, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye, ko da yake zartar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Bayan wannan akwai tallafi mai sharaɗi, irin na hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ba ta kuwa sakin kuɗin gina azuzuwa sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Akwai kuma kuɗin manyan bankunan duniya, kamar na shirin noma da kiwo na Jihar Kano wanda Bankin Musulunci ya tallafa, mai kimanin dala miliyan 95. Wajibi ne a faɗa wa talakawa cewa galibin irin wannan rance ne, kuma 'ya'yansu ne za su biya, domin mutum yana sa ido a kan abin da ya san bashi ne fiye da abin da aka ce masa kyauta ce.

Ɗawainiyar karkara ba baƙon abu ba ne a siyasar ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafta gyaran kasuwanni da hanyoyi da ƙarfafa masu sana'a cikin wajiban shugaba, kamar yadda fuƙaha'u suka daɗe da tabbatar da cewa dukiyar baitulmali ta maslahar jama'a ce, mai riƙe da ita kuwa wakili ne kawai. A zamanin En'e, da kuɗin baitulmalin Kano aka yi aikin ruwan famfo da lantarki na Challawa, wanda aka buɗe a 1931 a sarautar Abdullahi Bayero, kuma asalin kuɗin harajin manoma ne da jangalin makiyaya, waɗanda mafi yawansu ba su sha ruwan ba, ba su ga hasken ba. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 ya sauke wa talaka nauyin da ya daɗe yana kuka da shi, wannan kuwa adalci ne wanda babu mai musunsa. Sai dai daga lokacin da kuɗin man fetur suka maye gurbin haraji, sai talaka ya fara ɗaukar aikin hukuma a matsayin alherin wani babban mutum, wanda ake yi wa godiya in ya yi, ake kuma yin shiru in bai yi ba.

Tun daga nan an yi shirye-shirye masu yawa. Hukumar KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, ta yi hanyoyin burji da rijiyoyi a sassan jihar, hukumar raya karkara ta DFRRI ta zamanin Janar Babangida ta biyo baya a 1986, sannan a mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu aka ƙaddamar da titin kilomita biyar-biyar a kowace ƙaramar hukuma, wanda da yawansu ba a kammala ba har gwamnati ta sauya. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne an tanadi kuɗin gini, ba a tanadi na kulawa ba.

A dubi famfon tuƙa-tuƙa, wanda shi ne mafi yawan abin da ake yi wa ƙauye. A can ƙasan bututunsa akwai wata 'yar roba da ke riƙe ruwa idan an tuƙa, wadda dole ta cinye bayan an daɗe ana aiki da ita, kuɗinta kuwa bai kai na buhun masara ba, kuma makaniken da aka koya wa aikin zai sauya ta kafin azahar. To amma idan ɗan kwangila ya haƙa rijiyar ya tafi, ba a naɗa mai kula ba, ba a koya wa kowa kwance famfon ba, ba a kuma ajiye ko sisi domin gyara ba, ranar da robar ta cinye sai yara su yi ta tuƙi har hannun famfon ya karye, mata su koma kududdufi, mai unguwa ya kai kuka ga dagaci, dagaci ya kai ga hakimi, a rubuta takarda zuwa sakatariya, a yi ta jira, har lokacin zaɓe ya zo wani ya haƙa sabuwa kusa da matacciyar, saboda sabuwa ce ake kafa wa allo mai suna. Haka nan hanyar burji, wadda ba nauyin mota ke fara kashe ta ba. Kwalbati ne ke toshewa da yashi da kara, ruwan sama ya rasa mafita ya hau kan hanyar, ya yi zaizaya har ta rabu biyu, alhali samari goma da shebur za su iya yashe shi a yini ɗaya kafin saukar damina. A ƙasa irin ta Wudil, wadda kogi ya ratsa, ambaliya kuma ba baƙuwarta ba ce, wannan sakaci tsadarsa ninki ce.

Dalilin da ya sa nake ganin shirin Fadama ya cancanci nazari ke nan, ko da yake shi ma bai kuɓuta daga aibi ba, tun da an sha kukan cewa masu hannu da shuni sun kafa ƙungiyoyi na suna sun karɓe rabon. An fara shi a farkon shekarun 1990 da ƙananan rijiyoyin fadama da injinan ban ruwa, Kano na cikin jihohin farko. A kashi na uku, wanda ya soma a 2008, sai aka sharɗanta cewa manoma da masunta da makiyaya su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su zaɓi abin da suke buƙata da kansu, su ba da wani kaso na kuɗin, su kuma riƙa tara wani abu a asusu domin sauya kayan in sun tsufa. Hikimar a bayyane take, domin injin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya barinsa ya kwana a fadama ruwa na dukansa. Shirin hanyoyin karkara na RAAMP, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 280 a 2020, Kano kuma na cikin jihohinsa, ya bi wannan tafarki ta wata fuska, inda ya nemi kowace jiha ta kafa hukumar hanyoyin karkara da asusun gyaransu na dindindin.

Ra'ayina shi ne hukuncin Kotun Ƙoli, ko an zartar da shi gaba ɗaya, ba zai wadatar ba, matuƙar kuɗin za su baro hannun da ba a tambaya su faɗa wani hannun da ba a tambaya. Ƙaramar hukumar Wudil mazaɓu goma gare ta, babu kuwa abin da zai hana a liƙa wa kowace mazaɓa takarda da Hausa, boko da ajami, a ƙofar dagaci da masallacin Juma'a, mai bayyana abin da ya shigo a watan, da aikin da aka ba da, da sunan ɗan kwangila, da ranar gamawa. Babu kuma abin da zai hana majalisar kansiloli ta ƙi amincewa da kowace sabuwar rijiya sai an rubuta sunayen masu kula da ita, har da mata, tun da su ne ke fara sanin ranar da ruwa ya ragu, an kuma ware kuɗin gyaranta a cikin kasafin shekarar. Jami'ar da ke garin tana da ɗaliban injiniya waɗanda ake nema wa wurin koyon aiki kowace shekara, kuma ƙidayar rijiyoyi da kwalbatocin mazaɓun nan goma, da tantance masu aiki da matattu, aiki ne da za su iya gamawa a hutu guda, su miƙa wa majalisar kafin ta zauna a kan kasafin baɗi.