Maharbin Da Ya Rataye Bindiga: Farauta, Daji Da Lafiya Tsakanin Faraku Da Jugu

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Faraku zuwa Jugu da rani ya san wannan abin kallo: manyan motoci cike da samari, kowa da kulki ko adda, karnuka na leƙe ta gefe, an nufi daji tun da asuba. Da yamma za ka ga hayaƙi ya turnuƙe gefen hanya, washegari kuma ƙyafaffen nama ya bayyana a kasuwa. Da yawa daga cikinmu mun saya, mun ci, wasu ma sun ɗaure a buhu sun ƙetara iyaka da shi. To amma mutum nawa ne suka taɓa tambayar daga wane daji naman ya fito, a wane wata aka kashe dabbar, kuma me ya rage a dajin?

Wannan tambaya ce ta kai mu zangon Jugu, gidan wani dattijo da ya yi rayuwarsa a farauta, wanda yanzu ciwon ido ya zaunar da shi. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, don haka Baba za mu riƙa ce masa, kamar yadda 'yan unguwa ke kiransa. Kakanninsa fatake ne da suka zauna a Jugu tun zamanin da ayarin goro ke ratsa garin daga Gwanja zuwa Kano. Mahaifinsa ne ya bar fatauci ya kama baka, shi kuma ya gaji sana'ar da bindigar toka.

Shekarar maharbi

Abin da Baba ya fara yi mana shi ne lissafin shekara, domin a cewarsa wanda bai san watannin daji ba, ɗan kisa ne kawai, ba maharbi ba. Da damina, wato daga wajen Mayu zuwa Oktoba a wannan yanki, ciyawa kan fi mutum tsawo, dabbobi da yawa na da ciki ko goyo, maharbi kuwa yana gonarsa ta doya da dawa. Da kaka ana girbi, sai dai yara su kama zomo ko gyauji a bakin gona. Idan hunturu ya busa a Disamba, ciyawa ta bushe, ƙananan rafuka suka ƙafe, dabbobi kan taru inda ruwa ya rage. A nan farauta ke buɗewa. Da bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, sai a goge bindiga a rataye.

Lissafin hukuma ma bai yi nisa da wannan ba, don a Jamhuriyar Benin da rani ake buɗe lokacin farauta, a rufe shi kafin damina ta zauna. Ke nan abin da tsofaffi suka gane da ido, shi ne aka rubuta a takarda.

Dabbobin da ya lissafa mana sun haɗa da gada, mazo, mariya, kanki, gwanki da ɓauna. Ya ce a ƙuruciyarsa tafiyar rabin yini daga gari ta isa mutum ya ga sawun gwanki. A shekarunsa na ƙarshe a daji kuwa, sai ya kwana biyu ko uku bai ga abin da ya wuce gada da zabon daji ba.

Ƙudan bakin kogi

Dajin da Baba ya fi sabawa da shi shi ne na bakin kogin Ouémé, wanda hanyar Faraku zuwa Jugu ke ƙetarewa a garin Bétérou. A nan ya samo abinci, a nan kuma ya samo ciwo. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana. Shi ke ɗaukar tsutsar da ke haddasa makantar kogi. Tsutsar kan zauna cikin ƙulli a ƙarƙashin fata, tana iya rayuwa har shekara 15, tana haifar ƙananan 'ya'ya masu yawo cikin fata da ido. Ciwon kan fara da ƙaiƙayi mai hana barci, fata ta canja, a hankali gani ya dushe.

Baba ya ce shekaru ya yi yana shan jiƙo yana shafa magani, yana zaton sammu ne daga abokan hamayya. Ranar da ya gane abin ya wuce wasa ita ce ranar da ya auna wani abu cikin ciyawa yana tsammanin mazo ne, yaron da ke riƙe masa jaka ya yi ihu, ashe ɗan maraƙin Fulani ne, makiyayin kuma yana bayansa kaɗan. Daga wannan rana bai sake harbi ba. Babu wanda ya tilasta masa. Shi da kansa ya ga cewa idon da ba ya bambance mazo da maraƙi, gobe ba zai bambance maraƙi da mutum ba.

An yi babban yaƙi da wannan ciwo. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fara shirin feshin magani a kogunan Afirka ta Yamma da jiragen sama, har da kogunan Benin, shirin kuma ya ci gaba zuwa 2002. A 1987 kamfanin Merck ya ɗauki alkawarin bayar da maganin Mectizan kyauta. Shi ne ƙwayoyin nan da ake rabawa gida-gida, ana auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi. A Janairun 2025 an tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da yaɗuwar ciwon.

Abin lura shi ne, maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, ba uwar ba, shi ya sa ake maimaita sha shekara da shekaru. Kuma ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Baba ya sha, ƙaiƙayi ya lafa, abin da ya rage na ganinsa ya tsaya. Amma ya sha a makare, domin lokacin da masu rabo ke zagaya gidaje shi yana daji. Wannan darasi ne gare mu 'yan tafiya: mai yawon kasuwa da mai yawon daji su ne rabon magani ya fi kuskurewa.

Yau yana zaune a zaure, jikansa ne ke jansa zuwa masallaci. Bai ɓoye mana ba cewa shekarar farko ta yi masa ɗaci, musamman idan ya ji haushin karnuka da asuba. Abin da ya riƙe shi, in ji shi, abu uku ne: salla, matarsa da ke sayar da koko da ƙosai, da kuma samarin da ke zuwa yana koya musu karatun sawu da ladabin daji. Hannunsa har yanzu yana saƙa igiya yana ɗinka kube.

Kogi ya warke, gona ta shigo

Wani abin mamaki shi ne, nasarar da aka samu kan ƙudan ita ce ta taimaka wajen rage dajin. A da mutane na gudun bakin kogi saboda makanta, dabbobi suka samu mafaka. Da aka ci ƙarfin ciwon, an ƙiyasta cewa kadada miliyan 25 na ƙasar noma suka buɗe a ƙasashen da shirin ya shafa. Manoma suka shigo, jama'a ta ƙaru, auduga da waken suya da kashu suka bi bayan doya. Ba wanda zai ce wannan sharri ne, abinci ne da kuɗin makarantar yara. Sai dai gada ba ta zama a gonar auduga.

A da maharbi baƙo kan je wurin mai ƙasa ko sarkin gari da goro, ya nemi izini, in ya yi sa'a ya kawo cinya. Yanzu fili ya zama dukiya mai takarda, musamman tun da aka yi dokar filaye ta 2013. Mai gonar kashu ba ya son ganin mai ashana kusa da itatuwansa, makiyayi kuma ba ya son a ƙone ciyawar da shanunsa za su ci. Daga nan rigingimun farautar gayya ke tasowa, inda akan ji an yi rauni, wani lokaci har da rasa rai.

Dazuzzukan da suka rage, irin su gandun Ouémé ta sama, Wari-Maro da duwatsun Kouffé, na gwamnati ne, shigarsu da bindiga ba bisa izini ba laifi ne. Can arewa akwai manyan gandayen Pendjari da W. A 2017 UNESCO ta sanya su, haɗe da Arly na Burkina Faso, cikin kayan gadon duniya. A shekarar ce ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da Pendjari, sannan ta karɓi ɓangaren W na Benin a 2020. Ƙauyukan da ke kewaye suna da ƙungiyoyinsu da ake kira AVIGREF, waɗanda aka kafa don jama'a su samu kaso daga kuɗin farautar da ake yi da lasisi a yankunan da aka keɓe.

To sai ga matsalar tsaro. A Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe ɗan ƙasa mai yi musu jagora. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka masu gadin daji da wasu a gandun W. A Janairu da Afrilun 2025 an kashe sojojin Benin da dama a wannan shiyya. Saboda haka wanda aka gani da bindiga a dajin arewa, ba tarar 'yan gandun daji kaɗai yake fuskanta ba, ransa ne a hannu.

Ladabin daji

Mun tambayi Baba ko haushin doka yake ji. Ya ce yawancin abin da doka ta hana, mahaifinsa ya riga ya hana shi. Ba a harbin mai ciki ko mai goyo. Ba a zuba guba a ruwa. Ba a ƙona daji don ɓera. Ba a haska wa dabba fitila da dare a harbe ta tana tsaye kamar wawa. In ka ji wa dabba rauni, wajibi ne ka bi jininta har ka same ta. Kuma ba ka kashe abin da ya fi ƙarfin kafaɗarka da tukunyarka. Dokar namun daji ta Benin mai lamba 2002-16, wadda aka sa wa hannu a 2004, ta kasa dabbobi rukuni-rukuni: akwai waɗanda ba a taɓa su sam, akwai waɗanda sai da takardar izini.

Malamai ma sun yi bayani cewa farauta halal ce da sharuɗɗanta, kamar ambaton sunan Allah yayin harbi ko sakin karen da aka horar, da yanka dabbar in an same ta da rai. Wannan magana ta shafi mai saye kai tsaye. Naman da aka tara a farautar gayya, wani da kulki aka buge shi, wani wuta ce ta cinye shi, wa ya san yadda ya mutu?

Inda ɗan kasuwa ya shigo

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Saurayin da ke cinna wa daji wuta yana yi ne don ya san akwai mai jira da kuɗi a kasuwar Arzeke ta Faraku, ko a Jugu, Nikki da Malanville. Da mai saye zai ƙi naman damina, da an bar mai ciki ta haihu.

Akwai kuma maganar aljihu da ta lafiya. Fataucin hauren giwa tsakanin ƙasashe haramun ne tun 1989, na ɓawon dankunya kuma tun 2017, a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Wanda ya karɓi saƙon buhu bai kwance ya duba ba, in aka kama shi a shinge, shi zai amsa, ba mai saƙon ba. Sannan zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke ɗauke da shi, ya ɓulla a Tanguiéta a 2014, ya sake ɓulla a yankin Tchaourou kusa da Faraku a 2016, kuma ya ci rayuka har da na ma'aikatan jinya. Haɗarin ya fi yawa wurin kamawa, fiɗa da ƙyafewa, inda ake taɓa jini da fitsarin dabbar. Mushen da aka tsinta a daji kuwa kada a kusance shi. Wanda zazzaɓi ya ƙi sauka masa bayan maganin cizon sauro, ya garzaya asibiti, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya taɓa.

Ga mai son cinikin nama ba tare da fargaba ba, ƙofa a buɗe take. Tun shekarun 1980 ake kiwon gyauji a keji a Benin, kuma masu ci suna nemansa. Haka nan zabo da zomon gida.

Da za mu tashi, Baba ya sa jikansa ya ɗauko mana bindigar. A goge take, an shafe ta da mai, an naɗe da tsumma. Ya ce bai sayar ba, bai kuma bai wa kowa ba tukuna. Yana jiran wanda zai fita da ita da rani, ya ga mazo da ɗanta a baya, ya sauke hannu ya dawo gida ba komai, kuma bai ji kunyar faɗa ba. Mu ma da ke gefen teburin ciniki muna da irin wannan sauke hannun: mu tambayi inda nama ya fito, mu bar na damina, mu kwance buhu kafin mu ɗora a mota, mu kuma tsaya a gida ranar rabon magani. Allah ya bai wa Baba da sauran marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu.