Kafin A Kira Yaro Daƙiƙi

A kasuwar Jega za ka ga yaro ɗan shekara goma yana taya mahaifinsa ciniki. Ya san kuɗin mudu, ya san canji, ba mai cutarsa ko da naira goma. Ranar Litinin a aji, malam ya rubuta "ɗaki" a allo, yaron ya zare ido ya ce "baki", 'yan aji su kwashe da dariya, malam ya ɗauko bulala. A gida kuma a ce ba shi da kan boko, gara ya koma kasuwa.

Sau da yawa abin da ke damun irin wannan yaro shi ne disleksiya, wato tawayar haɗa baƙi. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa wannan suna a 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin Percy, yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Idon mai wannan lalura lafiya lau, hankalinsa ma haka. Ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wuya wajen tsinka kalma zuwa sautuka da haɗa kowane sauti da baƙinsa. Ana gadonta a dangi, kuma masana na ƙiyasta tana taɓa yara 5 zuwa 10 cikin 100. Ke nan a ajin yara 60 a Maiyama, ana iya samun uku zuwa shida.

Amma ba duk wanda ya kasa karatu ke da ita ba. A fara duba ido da kunne, a tambaya ko yaron na zuwa aji da yunwa, ko yana fashin makaranta lokacin dashen albasa. In duk wannan babu, ga shi yana fahimtar abin da aka faɗa da baki amma yana tsallake baƙaƙe, yana karatu da kyar, yana manta kalmar da ya karanta a layin sama, to a yi zarginta.

Dabarar koyar da shi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A shekarun 1930 a Amurka, Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara hanyar da yaro zai ga baƙi, ya ji sautinsa, ya furta shi, ya kuma zana shi da hannu. Duk wanda ya yi makarantar allo zai tuna babbaƙu da farfaru: yatsa a kan allo, baki yana faɗa, ba a wanke allo sai karatu ya zauna.

Haka za a yi da boko. A fara da Hausa, domin yawancin baƙaƙenta sauti ɗaya suke ɗauka, saɓanin Turanci. A share ƙasa a tsakar gida, yaro ya zana "b" da yatsa yana furtawa, sannan a ɗora wasali: ba, be, bi, bo, bu. Kada a haɗa masa b da d a mako ɗaya, balle ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Malam kuma ya daina tsayar da shi karatu gaban aji, ya riƙa gwada saninsa da tambayar baki.

Mutanen Aliero sun shahara da ɗori, har daga nesa ake kawo musu masu karaya. Mai ɗori yakan lalubi inda ƙashi ya goce, ya daidaita, ya ɗaure, ya jira makonni. Disleksiya ba ta warkewa sarai kamar karaya, amma yaron da aka bi da irin wannan haƙuri yana iya karatu, har wata rana ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006. Saboda haka in malam ya aiko cewa ɗanka ba ya ganewa, ajiye bulalar, ka zauna da shi a ƙasa ka ga baƙin da ke ba shi wuya.