Ƙarfin Doki da Ke Rubuce a Jikin Inji

Manoman fadamun Bodinga da Shagari, idan kuka je sayen injin ban-ruwa ko na niƙa, kukan ga an rubuta 5.5 HP ko 6.5 HP a jikinsa. Ma'anar haruffan nan biyu ita ce ƙarfin doki. To, ina doki ya shiga cikin ƙarfe?

Asalin abin daga wani maƙeri ne na ƙasar Sikotlan, James Watt. Wajen 1783 yana sayar da injuna masu aiki da tururi, masu saye kuwa da dawaki suke aiki. Don su gane, sai ya yanke cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga laba 550, watau kamar kilo 250, tsawon ƙafa ɗaya cikin sakan ɗaya.

Masu ƙera mota da injuna sukan ɗaura sabon inji a kan na'urar awo mai birki. A tashe shi, a riƙa matsa birkin, a auna ƙarfin murɗawarsa da yawan juyinsa a minti. Daga waɗannan biyu ake fitar da lissafi.

Amma fa awo iri biyu ne. Akwai na inji tsirara, ba salansa, ba matacin iska. Wannan yakan ba da babbar lamba. Akwai kuma na inji da kayansa duka, shi ne na gaskiya. Sai a 1972 kamfanonin motar Amurka suka koma kan na biyun, lambobi suka faɗi. Haka injin Honda GX160, wanda da aka sani da 5.5, ya koma 4.8, alhali inji bai sake ba.

Ku sani kuma, lambar nan ta iyakar gudu ce, juyi 3,600 a minti, cikin ɗaki mai sanyi. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna rage ta.

Saboda haka kada lamba ta ruɗe ku. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ku tambayi mai kanti wane awo ne, da yawan ruwan da injin ke turawa a minti, da zurfin da yake iya jawowa. In da hali, a gwada shi a gabanku kafin ku biya. Wanda ya sayi lamba, ranar da albasa ke jin ƙishi zai gane.